Zauren Tambaya: Shayin Ganyen Gora, Me Ke Cikin Kofin?

Wata 3 ke nan ana jefo mini tambaya iri ɗaya ta ƙofofi daban-daban, har na tara saƙo 14 a kan shayin ganyen gora kaɗai. Da na ga na farko sai na ɗauka alƙalami ne ya zame, goro ake nufi. Sai da wani ɗan ƙanena mai zuwa saro kaya birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya kawo mini ƙunshi guda tsaraba, sannan na yarda ashe da gaske ake. Na dafa na sha kwana 10 a jere, kullum bayan la'asar. Ruwansa fatsi-fatsi ne mai ɗan kore, ƙamshinsa kamar na sabuwar harawa da aka shanya a kan soro. Ba ɗaci, ba bauri, sai wani ɗan zaƙi-zaƙi can ƙarshen harshe. Uwargida ta kurɓa sau ɗaya ta ce ruwan wankin ciyawa ne, ta koma wa shayinta mai citta da kanumfari. Ni kuwa ban ji komai ya sauya a jikina ba in ban da yawan fitsari, wanda ko ruwan zafi zalla na sha kofi 2 zai sa ni hakan. Na zaɓi wasiƙa 6, domin sauran duk amsarsu tana ciki.

Daga wata ɗaliba a Kano: *Malam, wata mai talla a Facebook ta ce ganyen gora yana ɗauke da sinadaran da babu su a kowane ganye a duniya. Mene ne ainihin abin da ke cikinsa?*

'Yata, shekara 31 na yi ina koyar da ilimin sinadarai a sakandare kafin in ajiye alli, kuma duk wanda ya ce mini "babu irinsa a duniya" nakan fara tambayarsa wane irin ganye yake nufi. Gora ciyawa ce, 'yar uwar gero da dawa da shinkafa da rake, girma kawai ta fi su. Irinta ya haura 1,400. A ƙasar Sin yawanci dangin Phyllostachys ake tsinka. A Japan wata gajeriya ce mai faffaɗan ganye, suna ce mata kumazasa, da ita kuma suke naɗe wasu abincinsu. A Koriya ta Kudu gundumar Damyang ce ta yi suna da gora da shayinta, sai tsibirin Jeju mai tasa gajeriyar da ke lulluɓe dutsen Halla. Akwai ma wani ganyen da masu maganin gargajiyar Sin ke kira danzhuye, wanda ake fassarawa da ganyen gora alhali wata ciyawa ce daban, Lophatherum gracile. Don haka cewa "shayin ganyen gora" tamkar a ce maki an yi miyar ganye ne. Ta rama ce, ko ta zogale, ko ta yakuwa?

Duk da haka akwai abubuwan da ake yawan tararwa in an tatse ganyen an auna. Na gaba-gaba su ne wasu sinadarai 4 'yan gida ɗaya: oriyentin, aiso-oriyentin, biteksin da aiso-biteksin. Dangin filabonoyid ne, wato irin sinadaran da tsiro ke ƙerawa don kare ganyensa daga ƙunar rana da ƙwari. Sai wasu masu tsami-tsami, irin su kulorojenik, wanda ya fi yawa a ƙwayar gahawa, da ferulik, wanda ke cikin dusar hatsi. Sai silika, da zan yi dogon bayani a kanta a amsa ta gaba. Abin da babu shi ne kafeyin, sinadarin nan da ke hana mai cin goro barci. Gora ba goro ba ce, ko ta wannan fuskar.

Aikin da aka fi tabbatar wa waɗancan sinadarai shi ne hana iska lalata abu. Kin san yadda man gyaɗa ke yi in ya daɗe a buɗe, ya fara wari, in an soya abu da shi ya riƙa maƙaƙi a wuya. Iskar da muke shaƙa ce ke cin man, kamar yadda take cin ƙarfe ya yi tsatsa. Sinadaran ganyen gora suna tare wannan cin. Masu bincike a Jami'ar Zhejiang sun tace su daga ganyen, kuma a 2004 ma'aikatar lafiya ta ƙasar Sin ta ba da izinin zuba wannan tataccen gari a abincin kamfani, irin su mai da nama da kifi da kayan suya, don kada su lalace da wuri. Sun kuma nuna cewa in aka jiƙa yankakken dankalin turawa a ruwansa kafin a soya, ana samun raguwar akirilamaid, wani sinadari mara kyau da masana a Suwidin suka gano a 2002 cewa yana fitowa in an soya ko an gasa abinci mai sitaci da zafi sosai.

Wannan amfani ne na gaske, ba na musunsa. Sai dai a kula da inda aka yi aikin: cikin kwalbar mai da kaskon suya. Mai tallar ta ɗauko abin da ya faru a kwalba ta ɗora wa jikin mutum, kuma jiki ba kwalba ba ne. Waɗannan filabonoyid 4 suna da wani ɗauri mai tauri tsakaninsu da sukarin da ke manne da su, hanji ba ya iya kwance shi da sauƙi, saboda haka kaɗan ne ke ratsawa zuwa jini. Mafi yawa sai su gangara babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su yi abin da za su yi da su.

Maganar "babu su a kowane ganye" kuwa, nan ne na yi dariya har uwargida ta leƙo. Geza, wannan da ke cike da fako daga Katsina har Damagaram, wadda mutanen Senegal da Mali ke kira kinkeliba suna buɗa baki da shayinta a watan azumi, tana ɗauke da biteksin da oriyentin da 'yan uwansu. Gero ma yana da su. Furar da kika sha jiya tana da dangin abin da ake sayar maki a leda mai hoton dabbar fanda. Kuma ga abin da mai talla ba za ta faɗa ba: masu binciken da suka bi diddigin yawan maƙoƙo a yammacin Sudan, inda gero ne abincin yau da gobe kuma aidin ya yi ƙaranci, waɗannan sinadaran na gero suka zarga da rage wa ƙullin wuya ƙarfin sarrafa aidin. Ba cewa nake a bar fura ba, gishiri mai aidin ya isa ya toshe wannan kafa. Ina nuna maki ne cewa sinadari ɗaya yakan zama abin yabo a bakin mai talla, ya zama abin tuhuma a hannun mai bincike.

Daga wata uwar gida a Maraɗi: *Gashina yana ta karyewa, gefen goshi duk ya zube tun bayan haihuwata ta uku. An ce mini ganyen gora kashi 70 cikin 100 silika ne, kuma silika ke tsirar da gashi da ƙarfafa farce. In saya?*

Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna, bari in ba ki labarin wani gwaji da nakan yi wa 'yan aji biyar. Nakan sa su kawo busasshen ganyen gora da na mangwaro, mu ƙona kowanne a murfin gwangwani har ya zama toka. Tokar mangwaro laushi gare ta kamar hoda. Ta gora kuwa in kin murza tsakanin yatsu sai ki ji gurus-gurus, har siffar ganyen takan tsaya ba ta rushe ba. Wannan gurus-gurus ɗin shi ne silika, kuma ita ce dai abin da ke cikin rairayi, da ita ake yin gilashi. Ciyawa tana zuƙo ta daga ƙasa a narke, ta jera ta a fatar ganye kamar ƙananan duwatsun da ido ba ya gani. Shi ya sa gefen ganyen gora da na rake ke yanka hannu, shi ya sa buntun shinkafa ke ƙaiƙayi.

Adadin kashi 70 ɗin gaskiya ne, amma a kan toka. In an ƙone ganyen, fiye da kashi 70 na tokar da ta rage silika ce, har injiniyoyi a Najeriya da Indiya da Barazil suna gwada gauraya ta da siminti. Akwai kuma wani farin abu mai kama da ƙanƙara da ake samu a cikin gaɓar wasu irin gora, wanda kusan dukansa silika ne. Likitocin Musulunci na da sun san shi, Ibn Sina ya ambace shi da sunan ɗabashir, kalmar da Larabawan yau ke kiran alli da ita. To amma ke ba toka za ki sha ba, ba kuma ɗabashir ba. Ganye za ki jiƙa minti 5 ko 10, kuma silikar da ta riga ta daskare ba ta narkewa a ruwan zafi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da tana narkewa da sauƙi, da kofin gilashin da kike shan shayi a ciki ya daɗe da ƙarewa.

Ɗan abin da ke narkewa jiki yana karɓa, amma irinsa kina samu kullum a hatsin da ba a surfe shi ƙwarai ba, da wake ɗanye, da ayaba, da ruwan rijiya. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta duba hujjojin masu cewa silika tana gyara gashi da farce, ta ce ba su isa a rubuta hakan a jikin kaya ba.

Abin da kika faɗa da bakinki ya fi ba ni haske. Zubewar gashi wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa abu ne sananne, kuma yakan dawo da kansa kafin yaro ya shekara. In bai dawo ba, abu na farko da zan so a duba shi ne jininki, domin haihuwa 3 da shayarwa suna cinye ƙarfen jiki, kuma ƙarancin jini yana zubar da gashi. Awon ba shi da tsada. Na biyu, tunda gefen goshi kika ce, ki dubi kitsonki. Kitso mai ɗaurin tsiya, da ƙarin gashi mai nauyi, da man miƙar da gashi, su ne manyan masu cin gaban goshin mata, kuma in aka daɗe ana ja, saiwar takan mutu gaba ɗaya. Ki ce wa mai kitso ta sassauta hannu, ko da za ta ce ba zai yi kyau ba. Gashi kusan santimita 1 yake yi a wata, saboda haka duk wadda ta nuna maki hoton "kafin" da "bayan" na mako 2, gashin wata ta ara.

Daga wani magidanci a Bauci: *Matata tana da ciki wata 4. A wurin awo an ce ta rage shayi da kofi. Tunda an ce na gora ba shi da kafeyin, za ta iya komawa kansa?*

A'a, Malam. Kada ta sha. Wannan ita ce amsar da na fi so kowa ya karanta a shafin yau, kuma hujjar daga gida take.

A 2009 masu bincike a Jami'ar Ilorin, ƙarƙashin Musa Yakubu, sun wallafa gwajin da suka yi da ruwan ganyen Bambusa vulgaris, wato gorar nan mai rami da ta cika kudancin Najeriya. Dalilin gwajin shi ne an daɗe ana faɗa a gargajiyance cewa ganyen yana zubar da ciki, suka so su gani ko gaskiya ne. Suka ba zomaye masu ciki. Waɗanda aka ba miligiram 250 a kan kowane kilo na nauyin jiki, kashi 60 cikin 100 sun yi ɓari. Waɗanda aka ba 500, ba wadda ta haifi ɗa mai rai.

Na san abin da za a ce: zomo ba mutum ba ne, kuma tataccen ruwa aka ɗura musu, ba kofin shayi ba. Haka ne. Ni ma na sha faɗa a wannan shafi cewa abin da ya warkar da ɓera ba lalle ya warkar da mutum ba. Amma awon amfani daban, awon haɗari daban. In ana maganar amfani, sai an kawo mini hujja mai ƙarfi kafin in ce a saya. In ana maganar cikin wata 4, alamar haɗari ko ƙarama ce ta ishe ni in ce a bari, balle a nan gargajiya da ɗakin gwaji bakinsu ya zo ɗaya. Me za ta rasa in ba ta sha ba? Ruwan ɗumi mai ƙamshin harawa. Haka mai shayarwa da mai neman haihuwa, su ma su haƙura. Kada kuma wata ta karanta wannan ta ɗauke shi dabara. Abin da ke fizge ciki da ƙarfi yana iya tafiya da mai cikin ta hanyar zubar jini.

Sannan ina jin ba ku fahimci ma'aikatan awon sosai ba. Ragewa suka ce, ba dainawa ba. Ƙa'idar da likitoci da yawa ke bi ita ce mai ciki kada ta wuce miligiram 200 na kafeyin a yini, kuma kofin shayi na gida bai cika wuce 75 ba. Kofin shayi 1 da safe, 1 da yamma, ba laifi, muddin ba ta haɗa da goro da lemon kwalba mai baƙin ruwa ba. Ta dai raba shi da lokacin shan ƙwayar ƙarin jini da kamar awa 2, don shayi yana hana jiki zuƙar ƙarfen.

Daga wani dattijo a Sakkwato: *Ina da ciwon suga da hawan jini shekara 9. Na gaji da ƙwayoyi. Wani a masallacinmu ya ce shayin gora ya raba yayansa da ciwon suga.*

Baba, Allah ya ƙara lafiya, gajiyar kuma ba wanda zai ga laifinka. Shekara 9 ana haɗiyar ƙwaya safe da dare ba wasa ba ne. Amma kada ka ajiye maganinka.

Sinawa sun fi kowa daɗewa da wannan ganye. Likitansu Zhang Zhongjing, wanda ya rayu wajen shekara ta 200 miladiyya, ya rubuta haɗin ganyen gora da wasu magunguna don wanda zazzaɓi ya sake shi ya bar shi da ƙishirwa da kasala. A wurinsu ganye ne mai sanyaya jiki da saukar da fitsari. Maganar suga ta zamani ce, kuma tushenta shi ne an ga biteksin da ɗan uwansa suna rage saurin wani sinadarin hanji mai mayar da sitaci sukari, an kuma ga suga ya ɗan sauka a jikin ɓerayen da aka sa wa ciwon. Yawancin aikin a nan ya tsaya, kwalbar gwaji da ɓeraye. Babu wani babban gwaji a kan mutane da ya nuna shayin yana maye gurbin ƙwayar suga irin metformin ko maganin hawan jini. Yayan mutumin masallacinku kuwa, a tambaye shi yaushe rabonsa da awo. Ciwon suga da hawan jini sun iya yin shiru suna ɓarna, mutum yana cewa ya warke har ranar da ido ko ƙoda ko ƙafa za su tona asiri.

In abin sha kake nema mai hujja a kan mutane, yana kasuwar garinku a kwano. A 2010 Jami'ar Tufts ta Amurka ta ba mutum 65 ko dai zoɓo ko wani ruwa mai kama da shi, kofi 3 a yini har mako 6. Lambar sama ta awon jinin masu shan zoɓo ta sauka da kusan maki 7, ta sauran kuwa da ɗan abin da ya haura 1. An yi irin wannan gwaji a Inugu, an yi a Senegal inda aka haɗa har da geza, duka an ga sauka. Ba ta kai a yar da magani ba, amma ta fi abin da gora ta nuna nesa ba kusa ba. Sharaɗin shi ne zoɓon ya zama ba sukari, kuma likitanka ya sani, domin in ya haɗu da ƙwayar saukar da jini zai iya sa ka jiri.

Wuri ɗaya zan yaba wa shayin gora a lamarinka. In da safe kana shan shayi mai cokali 4 na sukari da madarar gwangwani mai zaƙi, ka musanya shi da ruwan ganyen gora ba sukari, suganka zai sauka. Amma ladan na sukarin da ka bari ne. In ka tashi saye a Najeriya, ka duba lambar NAFDAC. Wadda ta ƙare da harafin L tana nufin hukumar ta duba cewa abin ba ya cutarwa nan take, ba wai ta tabbatar yana warkarwa ba, kuma dole a rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Da ƙananan baƙaƙe suke rubutawa, sai ka sa jika ya karanta maka.

Daga wani ɗan kasuwar Kantin Kwari: *Abokin cinikina a Sin ya ba ni kyautar wani shayi, ya ce sunansa "koren ganyen gora". Na sha da dare, ban runtsa ba. Ba an ce ba ya hana barci ba?*

Alhaji, abin da aka ba ka Zhuyeqing ne, kuma ko ganyen gora ɗaya babu a ciki. Koren shayi ne na ainihi daga dutsen Emei a lardin Sichuan, siffar ganyensa ce siririya mai tsini ta jawo masa sunan. Kafeyin ɗinsa cikakke ne. Kyauta ce mai daraja, ka sha da safe. Ka kuma yi hattara, domin a lardin Shanxi akwai wata giya mai wannan suna daidai, ruwanta rawaya-kore, a kwalba mai kyau. In aka miƙo maka Zhuyeqing a kwalba wurin cin abinci, ka ce ka gode.

Daga wani matashi manomi a ƙasar Lere: *Gora ce cike da bakin rafinmu. Zan iya tsinka in dafa? An ce tana da guba. Kuma in babu, ko zan iya busarwa in riƙa sayarwa?*

Ɗana, fara da tabbatar da abin da ke gabanka. Mutanenmu sukan haɗa gora da gwangwala, alhali gwangwala reshen tukurwa ce, dangin giginya da kwakwa, ba ruwanta da wannan zance. Akwai kuma wani tsiro da ake sayarwa a kwalbar ruwa don ado a ofis da falo, mai gaɓa-gaɓa kamar gora, 'yan kasuwa na ce masa gorar sa'a. Dracaena sanderiana ne, asalinsa dazukan Kamaru da maƙwabtanta, kuma yana sa kyanwa da kare amai in sun ci. Kada a dafa shi. Ta bakin rafinku, in irin wadda ake yin sanda da ita ce, mai cikakken ciki ko ɗan siririn rami, to Oxytenanthera abyssinica ce, gorar Afirka da ke bazu daga Senegal har Habasha. In mai faɗin rami ce, wani lokaci rawaya mai ratsin kore, Bambusa vulgaris ce, wadda aka yi gwajin Ilorin da ita.

Batun guba gaskiya ne, amma a tohon ta fi taruwa, wato sabon tsiron da ke ɓullowa daga ƙasa da damina, wanda mutanen Asiya ke ci kamar kabeji. Yana ɗauke da taksifilin, ɗan uwan linamarin da ke cikin rogo mai ɗaci. In an yanka ko an tauna, sai ya saki sayanayid. Duk wanda ya san dalilin da ya sa ake jiƙa rogo a matse a soya kafin ya zama garin kwaki ya riga ya san maganin. Ta gora ma ta fi saurin mutuwa a wuta, kuma sayanayid ɗin da ta saki yana zama tururi tun a zafin digiri 26, shi ya sa ake tafasa tohon a tukunya ba murfi, a zubar da ruwan. A Madagaska akwai wata 'yar dabba mai kama da biri, mai ruwan zinariya, da kusan duk abincinta gora ce, har da wannan toho ɗanye. Kullum tana cin gubar da aka ƙiyasta ta ninka abin da zai kashe dabba mai girmanta sau 12, ta kuma wayi gari lafiya lau. Kai ba ita ba ne.

Ganyen da ya ƙosa bai kai toho haɗari ba, kuma busarwa da tafasawa suna ƙara rage abin da ke ciki. In don kanka ne, kuma ba ka cikin waɗanda na hana a sama, ka tsinki kore mai lafiya daga wurin da feshin gona ba ya kaiwa, nesa da bakin titi. Ka wanke, ka yayyanka, ka turara kaɗan ko ka ɗan gasa a busasshen kasko kamar yadda mutanen Koriya ke yi, sannan ka shanya a inuwa har ya riƙa karyewa. Wanda ya yi baƙi-baƙi ko fumfuna, zubar. Ɗan tsunkule 2 a kofi, a tafasa minti 5 zuwa 10 ba murfi, a tace da kyalle mai kyau saboda ƙananan gashin ganyen da ke kartar maƙogwaro. Kofi 1 ya isa. Kada ka ba yara.

Sayarwa kuwa, ban ba ka shawara ba. Ranar da ka ƙulla shi a leda, ba ka da iko a kan wadda za ta saya, kuma ka ji abin da ya sami zomayen Ilorin. Mata masu neman gyaran gashi su ne kasuwar wannan shayi, a cikinsu kuwa kullum akwai mai ƙaramin cikin da ita kanta ba ta sani ba tukuna.

Kuɗin gora a karanta yake. Habasha, wadda ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan gora, tana yin kujeru da dabe da labule da tsinken sakace da gawayi da ita. Akwai ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta gora, INBAR, da aka kafa a 1997 mai hedikwata a Beijing, Najeriya da Gana da Kamaru duk suna ciki, kuma gawayin gora yana cikin abin da ta fi turawa a Afirka, saboda in ka sare kara saiwar tana nan, baɗi ta sake fitowa. Masu gini suna sayenta don tokare rufin kankare, masu tumatir da doya suna nemanta don jingina. Ka sari mai shekara 3 zuwa 4, da rani, lokacin da zaƙin cikinta ya ragu, ƙwaro ba zai yi saurin cinye ta ba. Ganyen da ya zube ka tara wa awaki da shanu, suna ci sosai a bazara in ciyawa ta ƙare, ka dai haɗa musu da harawa da isasshen ruwa saboda yawan silikar. Doki ne kawai zan ce ka kiyaye, domin a arewacin Barazil likitocin dabbobi sun ba da rahoton dawakan da suka daɗe suna cin ganyen Bambusa vulgaris da yawa, suka fara tangaɗi ƙafafunsu na baya suna harɗewa. In kuna da dokin hawan salla a gida, a ɗaure shi nesa da rafin.